Jawabin Maraba ga Jagoran Tawagar Hukumar Wasan Takobi ta Najeriya a Argungu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamanin Sarki. Babban baƙonmu, jagoran tawagar Hukumar Wasan Takobi ta Najeriya, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da malamai, iyaye mata da ke can gefen rumfa, 'yan'uwana malaman wasanni, da ku yara da aka taru dominku.

Ranka ya daɗe, barka da sauka. Daga Legas zuwa Birnin Kebbi, ka kuma biyo mota har nan, ba ƙaramar tafiya ba ce. Sannu da hanya, lale marhabin.

Ka sauka a garin da takobi ba baƙo ba ne. Da safe an zaga da kai gidan tarihi na Kanta, ka ga takubba da masu da kwari da baka na mazan jiya, magadan Kanta, wanda ya zauna Surame ya ƙi miƙa wuya ga daular Sangai a ƙarni na 16. Waɗancan na yaƙi ne, mun rataye su. Wanda ka zo mana da shi ba shi da kaifi, ba shi da tsini, fitila ce kawai ke kamawa idan ya taɓa mutum.

Ga yadda abin ya shigo mana. A watan Yunin 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta wasan takobi. Mu nan a waya muka kalla, ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke bayanka, yara sun fi ashirin sun yi wa waya ɗaya rumfa. Masar ce ta kwashe mafi yawan zinaren, amma yaran nan ba Masar suka gani ba. Sun ga 'yan Najeriya cikin fararen kaya a kan dandamali, suka juyo suka tambaye ni me ya sa babu ɗan Kabi ko ɗaya. Ban sami abin ce musu ba.

Washegari na ɗauko igiya na auna mita 14, tsawon filin wasan ke nan, na ja layi da toka, muka fere karan dawa. Mako uku muka yi muna koyon taku, gaba da baya, da miƙa hannu kafin ƙafa. Ranar da kara ya karce wani yaro dab da ido, ranar na tattara karan na ƙone. Tun daga lokacin taku kawai muke yi, hannu wofi, domin ba zan sake haɗa yaran mutane ba sai da hular kare fuska.

Akwai uban da ya same ni har gida, ya ce a wannan zamani da kowa ke roƙon Allah ya raba ɗansa da makami, ta yaya malami zai miƙa masa takobi? Yana nan zaune, kuma tambayarsa tana kan hanya. Abin da na gaya masa shi ne, a wannan wasa ba a farawa sai ka ɗaga takobi ka gaida abokin karawarka da alƙali, ba a tashi sai an sake gaisawa, wanda ya ƙi kuwa ana iya korarsa daga gasar. Alƙali na cewa a tsaya, hannu ya tsaya, ko da zuciya na tafasa. A zagayen farko taɓawa 5 ake nema cikin minti 3, a zagayen sallama 15, kuma mai gaggawa da fushi shi ake fara sallama. Ranka ya daɗe, idan ka tashi magana, ka ƙara masa bayani. Daga bakinka zai fi shiga.

Ga iyaye mata kuma. Kayan wannan wasa suna rufe jiki daga kai har ƙafa. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016, Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta yi wasa da hijabinta a ƙarƙashin hula, ta kuma ci tagulla tare da ƙungiyarta. A wannan gasar Ines Boubakri ta Tunisiya ita ma ta ci tagulla. 'Yan mata shida ne suka ba ni sunayensu bayan na nuna musu hotunan nan.

Wasan tsoho ne: tun Olamfik ta farko a Atina a 1896 ake yin sa, an kafa hukumarsa ta duniya a Faris a 1913, har yau da Faransanci alƙali ke ba da umarni. Afirka ba ta ci lambar Olamfik a cikinsa ba sai 2012 a Landan, lokacin da Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa. A Faris a 2024 Fares Ferjani na Tunisiya ya ci azurfa, Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla. Duka daga arewacin nahiyar. Ni kuwa na san yaron da ke cafke kifi da hannu a Matan Fada, na san ƙafar ɗan kokawa da idon ɗan dambe. Saurin hannun da ake nema yana nan kwance a garin nan.

Roƙonmu ba mai yawa ba ne. Huluna da riguna ko na mutum takwas ne, su riƙa karɓa-karɓa. Mai horarwa ɗaya da zai zauna da mu ko na wata uku, ya koya wa malamanmu, domin abin da na sani daga waya na koya, kuma na san akwai kuskure a ciki. Na'urar ƙirga maki za ta iya jira. Sai babban: idan za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa a gasar duniya, a sanar da mu da wuri, a ba yaranmu dama su zo a gwada su. Kuɗin mota mu za mu nema.

Yanzu yaran za su nuna maka takun da suka koya a kan layin tokar nan. Inda suka karkace, ka taso ka gyara musu da hannunka. Bayan nan akwai shinkafar Kabi da giwan ruwa suna jira a ciki.

Ranka ya daɗe, bismillah. Wassalamu alaikum.