Yadda ake sace sunan shafin intanet, da hanyoyin tsare shi

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya buɗe shafin intanet a Kaduna, ko mai makaranta ne a Unguwar Rimi ko mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya kamata ya san cewa sunan shafinsa haya ce da ake sabuntawa shekara-shekara. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, amma ta hannun kamfanonin rajista ake yankar su, kuma duk wanda ya shiga asusunka a can yana iya karkatar da shafin da imel ɗinka zuwa inda ya ga dama.

Galibi ɓarayin nan mutum suke yaudara, domin ya fi na'ura sauƙin shawo kai. A watan Agustan 2013, masu kutse sun karkatar da shafin jaridar New York Times bayan sun aika saƙon bogi ga ma'aikatan wani dillalin Melbourne IT, kamfanin rajistar da sunan shafin jaridar yake hannunsa, suka karɓe kalmar sirrinsu. A nan gida kuwa, sai a bugo maka waya da ladabi a ce daga kamfanin rajista ne, wai shafinka zai rufe yau idan ba ka karanto lambar da aka turo maka ba. Kada ka karanto ta. Kashe wayar, ka nemi kamfanin da kanka ta lambar da ka sani.

Abin da ya fi yawa, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne barin wanda ya gina shafin ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, ta yadda ranar da kuka ɓata, ko ya bar gari, ba ka da hujjar mallaka. Sai ka tabbata sunanka ko na kamfaninka ne a rajistar, ka kuma adana rasit.

Bayan haka, ka sa kamfanin ya kulle sunan don hana mayar da shi wani kamfanin rajista, ka ɓoye lambar izinin sauyawa, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu (wato neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri) a asusun da kuma imel ɗin da ke haɗe da shi. Manhajar tantancewa ta fi saƙon tes aminci, saboda ana iya ƙwace layin waya ta hanyar sauya sim. Ranar ƙarewar rajista kuma a rubuta ta, domin sunan da aka bari wa'adinsa ya wuce ba a sabunta ba, kowa na iya saye.