Amsoshin Tambayoyinku: Haraji da tsadar mota mai lantarki

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Kwangila take, wani direba ne mai jigila tsakanin Zariya da Kaduna ya aiko. Ya ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, cinikinsa a gidan mai yake ƙarewa. Ya ji labarin China na ƙera motoci masu lantarki masu araha, to me ya hana su cika kasuwa?

Malam direba, ba ƙarya aka faɗa maka ba. Akwai wata ƙaramar mota ta kamfanin BYD mai suna Seagull, a can China kuɗinta bai wuce wajen dala dubu 10 ba. Sai dai a 2024 gwamnatin Joe Biden ta ɗaga harajin shigar da irin waɗannan motoci Amurka daga kashi 25 zuwa kashi 100 cikin 100. Ka ga motar dala dubu 10 ta zama ta dubu 20 tun ba ta bar tashar jirgin ruwa ba. Tarayyar Turai ma ta bi sahu a watan Oktoban shekarar: ta ƙara wa BYD kashi 17, wani kamfanin motocin China mai suna SAIC kuma kashi 35.3, a kan kashi 10 da ake biya tun da. Hujjarsu ita ce gwamnatin China na tallafa wa kamfanoninta, idan aka sakar musu mara sai masana'antun gida su durƙushe.

Za ka ce ina ruwan biri da gada? Ai da ruwanmu. Leƙa wajen dillalan mota ka gani, yawanci 'yan Kwatano ne da 'yan Beljiyam, wato waɗanda Turawa suka hau suka gaji. Motar da ba ta shiga Amurka ko Turai tana sabuwa ba, ta yaya za ta iso mana tana tsohuwa? Sauƙinta ɗaya, ƙofar da aka rufe wa 'yan China can ta sa suna ƙara waiwayo kasuwannin Afirka.

Wata malamar makaranta daga Samaru kuma na tambaya ko tamu gwamnatin ta yi wani rangwame. Ta yi, Malama. A 2024 an cire wa motoci masu lantarki harajin VAT, wanda yake kashi 7.5. Amma da dala ake sayo motar, kuma da farashin dalar kwastan ke lissafin kuɗin fito, shi ya sa faɗuwar naira ta haɗiye rangwamen. Sai kuma maganar caji. A watan Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗin wuta naira 225 ga 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Wanda unguwarsa ba ta cikinsu fa, sai ya tanadi sola babba, don irin wadda ke juya fanka da cajin waya ba za ta iya da batirin mota ba.

Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba, daga Tudun Wada.