Amsoshin Tambayoyinku: Mazubin Kunu, Ƙwaryar Nono da Bokitin Turawa

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda, wato abin da ake tsima kunu da nono a ciki, da abin da ake zuba wa mai saye da shi. Ba mamaki, zafi ya kankama, masu sana'ar kayan sanyi kowa na neman yadda kayansa za su kai yamma ba su juya ba.

Ta farko daga wani matashi ce a Runjin Sambo. Ya ce: "Malam, na gani a intanet Turawa na sayar da wani bokiti mai murfi da famfo, da wani ɗan bututu a samansa. An ce na masu haɗa giya a gida ne. Ni kunun zaƙi da lemon citta nake son in fara sayarwa. In na sayi irinsa zai yi mini, kuma babu laifi?"

To ƙanena, ka yi kyau da ka tambaya kafin ka fitar da kuɗi. Wannan bokiti na ƙasashen da haɗa giya a gida ya zama abin sha'awa ne, irin Amurka, inda Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da damar hakan a 1978. Mu nan ka san inda muka tsaya, addini ya hana, jiharmu kuma tana kan Shari'a tun shekarar 2000. Shi bokitin kansa roba ce kawai, yawanci mai cin lita 20 zuwa 30. Abin dubawa shi ne aikin da aka ƙera shi dominsa. Ɗan bututun nan mai lanƙwasa ruwa ake zubawa a cikinsa, iskar da yis, wato ƙwayar halittar nan da ke kumbura burodi, ke fitarwa ta samu hanyar fita, ta waje kuma ta kasa shiga. Da haka yis zai zauna mako ɗaya ko biyu yana cinye zaƙi yana mai da shi barasa ba tare da abin ya lalace ba. Kai kuwa akasin haka kake nema. Kunun zaƙi kwana ɗaya yake yi. Ka dama rabin ƙullun da tafasasshen ruwa, ka haɗa da ɗanyen da ke da tsiro ko dankali, ka rufe, da asuba ka tace. Daga nan duk ƙoƙarinka na tsayar da tsamin ne. Saboda haka bututun bai da amfani a wurinka. Ka shiga Babbar Kasuwa ka nemi sabon farin bokiti mai murfi, ka juya gindinsa. Za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a tsakiya. Mai lamba 2 ko 5 shi ake so, musamman 5 ɗin, don yana jure zafi. Bokitin da aka taɓa zuba fenti ko maganin feshi a ciki kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka ce na gode.

Tunda mun taɓo barasa, bari in haɗa da wasiƙar wata baiwar Allah daga Mabera, wadda hankalinta ya tashi. Ta ce: "Kunun da na ɗura a gorar ruwa ya kwana biyu, da na buɗe ya yi tsartuwa har rufin ɗaki, ga wani wari. Mi ya kawo haka? Ko ya zama haram?"

Hajiya, abin da ya faru a gorarki shi ne abin da na gama faɗa wa ƙanen nan namu. Halittu iri biyu ne ke aiki a cikin kunu, ido ba ya ganinsu. Akwai masu kawo tsamin nan mai daɗi, su ne dai na cikin nono. Akwai kuma yis, wanda ke zuwa tare da hatsin da kuma iska. Da farko masu tsami ke gaba. In aka daɗe, ga sukari kin ƙara, ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sai yis ya karɓi fili. Shi kuma abu biyu yake haifarwa tare, iska da barasa. Kin ga kumfan da ya watsu miki shaida ce ta cewa ɗayan ma ya fara samuwa, ko da kaɗan ne. Ai burkutu ma daga tsiron dawa take, tazararta da kunu ba ta wuce hanyar sarrafawa da yawan kwana ba.

Wannan magana ta mazubi fa ba yau aka fara ta ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su jiƙa dabino a cikin wasu mazubai huɗu, cikinsu har da duma da kututturen dabino da aka fafe. Malamai sun bayyana cewa abin sha na saurin juyawa a cikinsu mai shi bai sani ba. Daga baya an sassauta, aka ce a sha a kowane mazubi amma kada a sha mai sa maye. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Hukunci filla-filla na malamai ne, ki tuntuɓi na unguwarku. Amma ta fuskar sana'a, kunun da ya kumbura gora, ya yi kumfa, ya canja wari, na zubarwa ne. Ki riƙa dama daidai abin da za ki sayar a yini, kuma kada sukari ya shiga sai lokacin ɗurawa.

Wani dattijo daga Wamakko ya ce shi da iyalinsa har yanzu a ƙwarya suke kwantar da nono, 'ya'yansa sun dame shi wai a koma roba.

Baba, Allah ya ƙara girma, kada su ruɗe ka. Ƙwarya tana da ƙananan ƙofofi da ke riƙe irin nonon jiya, shi ya sa madara ke saurin barci a cikinta, kuma ɗanɗanon kindirmonta daban ne. Aibinta shi ne alherinta, domin yadda take riƙe iri mai kyau haka take riƙe mara kyau. In dai ta nono ce kaɗai, ana wanke ta a kife ta a rana ta bushe ƙarau, a ci gaba. Ranar da ta tsage ko ta yi baƙin tabo a ciki, ta gama aiki. Yaran in sayarwa suke son yi da yawa, su sami tukunyar ƙarfen nan mara tsatsa da ma'aunin zafi. A dafa madara ta kai digiri 85, a bari ta sauko wajen 43, a sa iri, a rufe awa shida zuwa takwas. Da hunturu a naɗe ta da bargo.

Sai mai shago daga Illela, da tambaya a kan abin zubawa. Ya ce kula mai famfo ta fi, ko a ci gaba da ɗiba da moɗa? Ya kuma ji ana sa wa zoɓo gas ya yi kamar lemon kwalba.

Alhaji, famfo ya fi moɗa nesa ba kusa ba, don moɗa da hannu take shiga, kowane ɗiba kuma an buɗe murfi sanyi ya gudu, ƙuda ya samu ƙofa. Sai dai famfon nan shi ne maɓoyar datti. Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai kaya ya kwance maka shi a gabanka. In ba ya kwancewa, bar masa abinsa. Na sha ganin kula tas-tas a waje, a kwance famfo a tarar da tsohon ƙullu ya yi yauƙi a ciki, kuma wannan yauƙin shi ke juya sabon kunu kafin azahar, mai shi yana ta zargin gero. Kullum da dare a kwance, a wanke da sabulu, a jiƙa cikin ruwa lita huɗu da aka sa wa babban cokali ɗaya na ruwan bilic, sannan a ɗauraye da ruwan da aka tafasa. Soson ƙarfe kada ya taɓa roba, kowane karce gida ne. Don kunu a nemi famfo mai faɗin baki, a riƙa girgiza kular saboda yana kwanciya. Ƙanƙara kuma a sa ta a ƙulle cikin ledarta, sai in kai ka san ruwan da aka yi ta da shi.

Zoɓo da tsamiya kuwa kada su kwana a bokitin ƙarfe irin mai farin shafe kamar kwanon rufi, ko a tukunyar dalma. Tsami na cin ƙarfen ya narke a ciki, a sha a yi ta amai ana neman dalili.

Maganar gas gaskiya ce. Akwai wata tukunyar ƙarfe doguwa mai cin lita 19, wadda masu giyar gida na Turai da Amurka ke rububi, alhali asalinta ta kamfanonin lemo ce. Ana haɗa ta da silindar iskar nan ta lemon kwalba, da na'urar daidaita ƙarfin iskar, da tiyo da famfo. Zoɓon sai an tace shi sosai, kuma sai ya yi sanyi ƙarara kafin ya sha iskar, wanda ke nufin firij da wuta tsayayya. Kai ka san halin wutarku a Illela, ka yi lissafi tukuna. Kunu ba ya shiga wannan tukunya, toshe tiyon zai yi. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada da silindar girki ko ta masu walda.

Akwai wasiƙa daga Bodinga a kan tukunyar daddawa, ga shi mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. 'Yar'uwa ki yi haƙuri, da taki za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.