Tseren Safari na Kenya: Me Ya Sa Wanda Ya Fara Isowa Ba Shi Ke Cinyewa Ba?

[Hoto: mota ita kaɗai tana keta jar ƙasa, ƙura ta turnuƙe a bayanta]

Jama'a, ku dubi motar nan da kyau. Babu kowa a gabanta, babu kowa a bayanta, sai jakunan dawa can gefe suna kallon ikon Allah. Duk shekara in hotunan nan suka fara yawo a wayoyi, tambayar ɗaya ce: wai ina tseren yake? Da wa yake tseren? Wani ma cewa ya yi ya ga motar da ta riga kowa isowa, amma aka miƙa kofi ga wanda ya zo daga baya, don haka an yi maguɗi.

Ba a yi maguɗi ba. Mu ne muka zo da idon sukuwar dawaki, inda ake jera su a sake su lokaci guda, wanda ya fara tsallake layi shi ne gwani. Tseren Safari da agogo ake yin sa. Amma bari mu ɗan koma baya tukuna, a gurguje.

[Hoto: tsofaffin hotuna baƙi da fari, Nairobi]

Shekarar 1953 ce, ƙarshen watan Mayu zuwa 1 ga Yuni. Turawan da ke zaune a Gabashin Afirka, ciki har da wani Eric Cecil, suka shirya tseren motoci don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu. Hanyar ta ratsa Kenya da Yuganda da Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Motocin kuwa irin na zuwa aiki ne da kai yara makaranta. A shekarun farko har Volkswagen Beetle, buswajar nan da muke yi wa dariya, ta sha cinye wannan tsere.

Daga baya aka mayar da shi hutun Ista, daga Juma'a zuwa Litinin. Kwana huɗu babu ofis, direbobi da masu tsaron shingaye da yawancinsu 'yan sa-kai ne duk sun samu sarari. Sai dai Ista na faɗowa ne a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da babbar damina ke sauka a Kenya. Wanda ya zaɓi ranar hutu ya duba, bai dubi sama ba.

[Hoto: mota ta nutse a taɓo, mutanen ƙauye na turawa]

Ga sakamakon nan kuna gani. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai suka dawo. Bakwai!

To, yanzu ga inda ake ruɗewa. Ku gyara zama.

A tsohon Safari, ana tafiyar kilomita wajen 5,000, dare da rana. An yanka hanyar gunduwa-gunduwa, a ƙarshen kowace gunduwa akwai shinge, akwai mutum zaune da agogo da biro. Motoci kuma ba tare suke tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da 'yan mintuna a tsakani, kamar yadda motocin tasha ke fita, wannan ta cika ta tafi sannan ta baya ta ja layi.

Kowace gunduwa masu shirya tseren sun yanka mata lokaci. A ce sun ce daga wannan shinge zuwa na gaba minti 60 ne. Ka iso a minti 60, ba ka da laifi, takardarka fes. Ka iso a minti 67, an rubuta maka bakwai. Haka za a yi ta tara maka, shinge bayan shinge, har kwana huɗu. Ranar Litinin a haɗa lissafi, wanda bashin mintunansa ya fi na kowa ƙanƙanta shi ya ci.

Za ku ce to ai sai kowa ya iso a kan lokaci. A'a. Da gangan ake yanka lokacin da ɗan Adam ba zai iya cimmawa ba a kan irin wannan hanya. Kowa sai ya ci bashi. Abin da ake nema shi ne wa zai ci kaɗan.

[Zane a allo: motoci biyu, agogo biyu]

Mu ɗauki misali. Mota ta farko ta tashi ƙarfe takwas daidai, ta iso tara da minti goma. Mota ta goma ta tashi takwas da minti ashirin, ta iso tara da minti ashirin da biyar. Kai da ke tsaye a bakin shinge, wa ka fara gani? Ta farko, har ka tafa mata. Amma ita minti 70 ta yi a hanya, ta goma kuwa 65. Wanda ka ga ya zo a makare ya ba wanda ka tafa wa ratar minti biyar. Shi ke nan duk sirrin. Idonka yana ganin wanda ya fara isowa, takarda tana rubuta tsawon lokacin da kowa ya yi a hanya.

Shekarar 1973 ta nuna abin ƙarara. Shekhar Mehta a cikin Datsun 240Z, motar gudu mai kujeru biyu, da Harry Källström ɗan Suwidin a wata Datsun ɗin, bayan dubban kilomita, aka haɗa lissafi sai ga shi sun yi kunnen doki. Bashinsu ɗaya. Sai da aka koma ga ƙa'idar raba gardama sannan aka ba Mehta. Ku dubi motar tasa.

[Hoto: Datsun 240Z ta Mehta, gabanta a ragargaje]

Wani ɓangare na gabanta ma babu shi. Da a garejin unguwa aka kai ta, bakanike zai ce maigida, a sayar da ita a kilo kawai.

Wani abin da ke ba ni tsoro in na kalli tsofaffin hotunan nan: hanyar a buɗe take. Ba a rufe wa kowa ba. Motar tsere na tafe da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, ga babbar mota ɗauke da kaya tana tahowa, ga mai keke, ga garken shanun Masai. Shi ya sa a shekarun baya-bayan nan na tsohon tsarin manyan kamfanoni suka koma ɗaukar jirgi mai saukar ungulu yana bin motar ta sama, yana faɗa wa direba ta rediyo: akwai mota a kwana, akwai shanu a gaba.

Shi kuma wanda ke zaune a gefen direba, don Allah a daina ce masa fasinja. Wani ma karen mota ya kira shi. Takardar lokaci a hannunsa take, shi ke miƙa ta a shinge, shi ke karanta wa direba abin da ke gaba tun kafin ido ya gani: kwana hagu, rami, gada. In ya yi kuskuren lissafin minti ɗaya, gudun da direba ya sha duk ya tashi a banza.

[Hotuna a jere, da sauri]

Sauran tarihin mu bi shi da gudu. Kusan shekara ashirin mazauna Gabashin Afirka ne kaɗai ke cinyewa. Zakarun Turai su zo da kuɗi da injiniyoyi, taɓo ya mayar da su gida. Joginder Singh ya ci a 1965 da tsohuwar Volvo ta hannu, shi da ɗan'uwansa Jaswant, ya sake ci a 1974 da 1976 da Mitsubishi. Sai a 1972 baƙo ya fara karya lagon, Hannu Mikkola ɗan Finlan a cikin Ford Escort. A 1973 tseren ya shiga gasar tseren motoci ta duniya, daga 1974 kuma ya tsaya a cikin Kenya kaɗai. Mehta, wanda a Yuganda aka haife shi, korar da Idi Amin ya yi wa 'yan asalin Indiya a 1972 ta mayar da shi Kenya, ya ƙara cin huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982.

Nan kuma dole in tsaya, don akwai tamu a ciki. Fijo. Ƙirar 404 ta ci Safari sau huɗu, 1963, 1966, 1967 da 1968. Ƙirar 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, ta sake ci a 1978. Saboda haka in tsohon direba ya ce maka 504 ba ta san rami ba, ba cika baki yake ba, akwai shaida.

Ɗan Kenya na ƙarshe da ya ci tseren yana cikin gasar duniya shi ne Ian Duncan, a 1994. Bayan na 2002, wanda Colin McRae ya ci, aka cire Safari daga jerin, saboda matsalar kuɗi da ta tsaro. Shekara goma sha tara yana waje. An so ya dawo a 2020, korona ta hana, sai a watan Yunin 2021. A 2024 ya sake faɗowa a hutun Ista kamar da.

[Hoto: tafkin Naivasha daga sama, sansanin gyaran motoci]

Na yanzu fa? Har yanzu agogo ne, amma lissafin ya canja. Sansani yana Naivasha. Hanyoyin tseren a rufe suke, an raba su fage-fage, jimillarsu kilomita ɗari uku da wani abu, ana auna kowa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a tara, mai ƙaramin lokaci ya ci. Tsakanin wannan fage da wancan kuwa, motar kan titin kowa take bi, da dokar hanya. Shi ya sa za ku ga motar tsere ta bi layi a bayan motar haya ba ta ko yi ham ba. A lokacin ba tsere take ba, wurin aiki za ta.

Shingayen ma suna nan, kuma ga abin dariya: in ka makara, daƙiƙa goma ake ci maka a kan kowane minti. In ka yi gaggawa ka miƙa takarda kafin lokacinka, minti guda cur a kan kowane minti. Sai ka ga zakaran duniya ya faka nesa kaɗan da shinge, yana zaune yana kallon agogo kamar mai jiran a sha ruwa.

Ra'ayina? Na yanzu ya fi tsaro, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma sakin motoci cikin shanu da masu keke. Amma wanda ya ce Safari ɗin da ne, bai kalli na da ba. A da ana ba da ratar da ta kai awa. A 2023 Sébastien Ogier ya ci Kalle Rovanperä da daƙiƙa 6.7, bayan kwana huɗu.

Wuri guda ne aka riƙa ganin motoci biyu sun tashi kafaɗa da kafaɗa, a ɗan fagen Kasarani da ke Nairobi, wanda aka shirya don 'yan kallo. Ko a can ma agogon kowa daban. In kun kunna Safari na gaba, ku bar kallon wanda ke gaba a hanya, ku dubi 'yan lambobin nan da ke kusurwar allo. Kore, yana gaba. Ja, ana bin sa bashi.

[Hoto: mota ta tsallake layin ƙarshe a gandun dajin Hell's Gate, kusa da Naivasha, agogo ya tsaya]