Yadda ake gano yawan ruwan ambaliya bayan ta wuce, daga kwazazzabon Big Thompson

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina jihar Kolorado a Amurka, cikin kwazazzabon Big Thompson, a gefen titi mai lamba 34 da ya tashi daga garin Loveland ya haura zuwa Estes Park. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwa da ta motoci, zan ɗan ɗaga murya.

Bari in juya kyamara ku gani. Ga rafin can ƙasa, ga dutse a dama, ga dutse a hagu, titi da rafi sun matse a tsakiya. Ranar Asabar 31 ga Yuli, 1976, ana jajibirin cikar jihar nan shekara 100, kwazazzabon ya cika da baƙi 'yan hutu. Da yamma hadari ya haɗu a saman tsaunukan nan ya tsaya cak, domin iskar sama ba ta da ƙarfin tura shi gaba. Cikin awa huɗu wasu wurare suka sha ruwan da ya kai milimita 300. Waɗanda ke ƙasan kwazazzabon ba su ga wani ruwan sama na kirki ba, sai ambaliya kawai ta auko musu cikin dare. Mutum 144 suka rasu, gidaje sama da 400 suka tafi.

Idan kun buɗe rahotanni za ku ga an rubuta cewa a bakin kwazazzabon, lokacin da ruwan ya kai ƙololuwa, abin da ke wucewa ya kai kubik mita 880 a kowace daƙiƙa. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne. Wato ku ɗauka tankar mai irin mai lita 33,000, guda 27 suna wucewa a kowace daƙiƙa. To wa ya auna? Babu wanda ya tsaya da ma'auni a daren nan. Tashar awon ruwan da ke wurin ma ambaliyar ta tafi da ita. Bayan ruwa ya janye ne ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, suka zo suka haɗa lambar daga alamun da ruwan ya bari. Wannan aikin shi ya kawo ni nan yau, don shi nake karanta, kuma ina ganin bai kamata ya tsaya a bakin injiniyoyi kaɗai ba.

Tushen lissafin mai sauƙi ne. Kana buƙatar abu biyu: girman hanyar da ruwa ya cika, da gudun da ya yi. Ka ninka su, ka sami yawan ruwan.

Na farkon ana samunsa daga alamu. Ku biyo ni nan, ku dubi wannan bishiyar. Idan ambaliya ta wuce takan bar ciyawa da ƙirare a maƙale a rassa, ta goge ɓawon itace, ta ja layin laka a jikin bango. Amma ba kowace alama ake yarda da ita ba. Ƙaramar bishiya ruwa yana kwantar da ita, shara ta maƙale mata, ruwa ya janye ta miƙe, sai alamar ta koma sama da inda ruwan ya kai. A kwana kuma ruwa yana hawa gaɓar waje fiye da ta ciki. Inda ya bugi dutse yana tsalle. Alamar da masu aikin suka fi so ita ce siririn layin laka ko na ƙwayoyin ciyawa a wurin da ruwa ya kwanta lumui, kamar cikin ɗaki ko bayan katanga. Sai a nemi wurin da rafin ya miƙe, a kafa na'urar safiyo, a auna tsayin alamun a gaɓa biyu, a yanka rafin a wuri uku ko fiye a auna faɗi da zurfi. Bambancin tsayin alamun sama da na ƙasa shi ke nuna gangaren da fuskar ruwan ta yi.

Gudun ruwa ne mai wuyar. Ruwan ya riga ya wuce, ba ka gan shi ba. A nan ake ɗauko lissafin Robert Manning, injiniya daga Ailan da ya gabatar da shi a 1889. Lissafin ya ce gudun ruwa ya dogara ga zurfi, da gangare, da kuma kaushin hanyar da yake bi. Zurfi an auna, gangare an auna. Kaushi kuwa, wanda ake rubutawa da harafin n, mutum ne zai tsaya ya dubi rafin ya zaɓi lamba da idonsa da ƙwarewarsa.

Ku saurari abin da wannan zaɓin ke yi. Mu ɗauki misali: rafi mai faɗin mita 30, ruwa ya kai zurfin mita 3, gangare mita 2 a kowace mita 100. Idan na zaɓi kaushi 0.035, irin wanda ake sa wa kogin fili mai tsakuwa, gudun zai fito kusan mita 7.4 a daƙiƙa, ruwan ya kama wajen kubik mita 670. Idan na zaɓi 0.07, gudun ya koma 3.7, ruwan ya koma 335. Alamu ɗaya, rafi ɗaya, amsa ta rabu biyu.

Wanda ya fi damuwa da wannan matsala a jihar nan shi ne Robert Jarrett na USGS. Ya bi rafuka 21 na tsaunukan Kolorado yana auna ruwa kai tsaye, sannan ya koma baya ya lissafo kaushinsu na gaskiya. A 1984 ya fitar da sakamakon: yadda gangare ya ƙaru, haka kaushi ke ƙaruwa. Dalilin ga shi a gabanku. Dubi yadda ruwan ke faɗawa kan wannan dutsen, ya yi kumfa, ya juya baya, ya sake faɗawa wani rami. Ƙarfinsa yana ƙarewa a wannan dambe, ba duka yake tafiya a gudu ba. Idonmu yana ganin farin kumfa ya ce ruwan nan gudu yake kamar kibiya, alhali matsakaicin gudunsa bai kai haka ba. A 1987 ya sake duba irin waɗannan lissafe-lissafe guda 70 daga sassan Amurka, ya nuna kuskuren yana iya kai wa ninki, kuma galibi wuce gona da iri ake yi.

Ba kaushi kaɗai ba ne. Ambaliya tana haƙe gindin rafi. Idan haƙar ta faru bayan ƙololuwa ta wuce, ramin da ka auna ya fi wanda ruwan ya bi girma. Gada tana toshewa da itatuwa da motoci, ruwa ya taru a bayanta ya bar alama can sama, sannan ta ɓalle gaba ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi ruɗar mutane: wani lokaci abin da ya gangaro ba ruwa ba ne zalla, taɓo ne mai kauri haɗe da duwatsu. Shi ba ya bin lissafin Manning ko kaɗan. Ana gane shi da tudun duwatsun da yake jerawa a gefe biyu na hanyarsa.

Shi ya sa mai aikin kirki ba ya tsayawa a hanya ɗaya. Zai nemi inda rafi ya matse ko ya faɗa daga tudu, domin a irin wurin nan zurfin ruwa kaɗai yana iya ba da gudunsa ba tare da an zaɓi kaushi ba. Zai auna manyan duwatsun da ruwan ya mirgino, kamar yadda masanin binciken ƙasa John Costa ya yi a tsaunukan nan a 1983, ya tambayi irin gudun da zai iya motsa su. Zai duba ko ruwan saman da aka yi zai iya haifar da wannan adadin. Idan amsoshin sun kusanci juna, hankali ya kwanta.

Wani zai ce to in an wuce gona da iri ai ba laifi, gara a yi gada babba. Ban yarda ba. Da wannan lambar ake yanke girman gada da kwalbati, da ita ake zana iyakar inda aka hana gini. Idan ta yi ƙasa, rayuka ne. Idan ta yi sama da yawa, kuɗin gada uku ya ƙare a ɗaya, ƙauyuka biyu su zauna babu. Kuma lambar tana shiga kundi, a yi shekara hamsin ana gina lissafi a kanta. A nan ma ruwa ya dawo a watan Satumba na 2013, bayan kwanaki ana sheƙa shi, ya sake cinye wannan titin.

Ga allo can, bari in matso da shi. Bayan 1976 aka kafa irinsa a kwazazzaban jihar nan, yana cewa idan ambaliya ta zo ka hau sama. Da yawa daga waɗanda suka rasu a cikin mota suke, suna ƙoƙarin tsere wa ruwa a kan titi. Waɗanda suka bar motar suka kama dutse sun fi tsira.

'Yan uwana na Agadas sun san wannan ruwan. A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta sauko daga duwatsun Ayar ta shiga gari. Irin waɗannan ƙoramu yawancinsu ba su da tashar awo, don haka alamu da shaidar mutane su ne kaɗai abin da za a samu. Alamun kuma ba sa jira. Ruwan sama na gaba zai wanke layin laka, masu gida za su share bango, katafila za ta kwashe duwatsu.

To ga abin da kowannenmu zai iya. Bayan ruwa ya janye, kafin a wanke bango, a ja layi da fenti ko a buga ƙusa daidai inda ya tsaya, a rubuta kwanan wata, a ɗauki hoto. A tambayi mutanen gidan ƙarfe nawa ya kai nan, ƙarfe nawa ya fara sauka. Mai ɗaukar bidiyo kuma, in yana kan tudu inda babu haɗari, ya riƙe wayar a tsaye wuri ɗaya na rabin minti, gaɓa biyu su fito, da wani abu da ba ya motsi kamar ƙafar gada ko turken lantarki. Daga itacen da ke yawo a saman ruwa ana iya lissafa gudun fuskarsa, a ɗauki wajen kashi 85 cikin 100 a matsayin matsakaicin gudu. Kada a yanke bidiyon, kada a goge lokacin da wayar ta rubuta a kansa, kuma a ajiye na asalin, domin wanda ya bi ta WhatsApp ya riga ya rage kyau.