Minti Ɗaya Cif: Laccar Tunawa da Malaminmu, Likitan Yara

Assalamu alaikum. Ana jina daga baya? To, madalla. Ku matso, akwai kujeru a nan gaba, ba allura zan yi wa kowa ba. (dariya)

An ce in yi magana a kan Malam, Allah ya jiƙansa da rahama, an kuma ba ni minti talatin. Mutumin da na yi shekara da shekaru ina bin bayansa ina riƙe masa fayil, wai minti talatin! To, abu huɗu na tsara: Malam a gaban maras lafiya, Malam a aji, Malam a gida, sai abin da ya bar mana. Mama, na gidan nan in na yi kuskure ke za ki gyara mini.

Na farko, agogonsa. Duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya san agogon nan mai tsinken sakan. Ranar da na fara shiga ɗakin yara, na sha farar riga, na rataya abin sauraron ƙirji sabo fil a wuya, ina jin babu kamata. Aka nuna mini yarinya 'yar wata takwas tana tari. Na nufe ta da ƙarfen nan mai sanyi, sai na ji an riƙe mini hannu. Malam ya ce, "Ajiye wannan tukuna, kana da agogo?" Na ce a'a. Ya kwance nasa ya miƙo mini, ya roƙi uwar ta ɗaga rigar yarinyar a hankali tana kan cinyarta, ya ce, "Ƙirga numfashinta."

Ni kuma da wayona, na ƙirga na sakan goma sha biyar na ninka sau huɗu. Ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya maka jariri ya iya lissafi?" (dariya) Ai kuwa gaskiyarsa. Numfashin jariri ba ya tafiya a jere, zai yi sauri, ya ɗan tsaya, ya sake ɗauka. In ka kama shi a wurin saurin, ka tayar wa uwa hankali a banza. In ka kama shi a wurin tsayawar, ka sallami yaron da ya kamata a ba magani. Minti ɗaya cif. Kuma sai yaro yana cikin natsuwa, domin da zarar ya fashe da kuka ƙirgen ya lalace. Shi ya sa ya hana ni taɓa ta. Na sake, na samu hamsin da takwas.

Ɗalibai, ku rubuta, ko da yake na san kun sani. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti, sauri ne. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ke nan don gane namoniya, ciwon huhu. Dalilin kuwa a fili yake: huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, in ciwo ya kama su sai su cika da ruwa da mugunya, iskar da ke shiga jini ta ragu, jiki ya nemi cike giɓin da gaggawa. In kuma ka ga ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki daidai lokacin da yake jan iska, to wahala ta ƙaru. Ciwon nan, a 2019 kaɗai, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya. Abin da agogo da ido za su iya tona masa asiri!

Kada ku ce Malam ya raina abin sauraron ƙirji. A'a. Shi ne ma ya ba mu labarin René Laennec, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1816, wanda da takarda ya fara, ya naɗe ta ya kara a ƙirjin maras lafiya. Sai dai Malam yakan ce kayan aiki na biye da ido ne, ba ya gabansa. Kuma minti ɗayan nan, ku duba, har a ɗakin haihuwa yana nan. Virginia Apgar, likita ce a Amurka, ita ta tsara a 1952 cewa a duba jariri minti ɗaya bayan faɗowarsa: bugun zuciya, numfashi, launin fata, ƙarfin jiki, da yadda yake motsawa in an taɓa shi. Daga baya aka ƙara da dubawa a minti na biyar. Minti ɗaya dai, minti ɗaya. Ni har yau in na ga matashin likita yana ƙirge yana hira, sai in ji kamar in riƙe masa hannu.

Na biyu… wanne na ce ma na biyu? Aji, na gode. To ai aji da gefen gado duk ɗaya ne wurin Malam. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, "Me uwar ta ce?" In ka fara karanto sakamakon gwaji sai ya tare ka, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita ta kwana da yaron, kai yanzu ka gan shi. Bai taɓa tsawata wa ɗalibi a gaban iyayen yara ba. Sai an fito baranda, nan za ka sha ta.

Ruwan gishiri da sukari kuwa, da kansa yake haɗawa a gaban iyaye mata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sukarin ne ke jan gishirin ya ratsa hanji, ruwa ya bi su. Yakan tuna mana da Dilip Mahalanabis, shi ma likitan yara ne, a Indiya, wanda a 1971 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, ya sa 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su wannan haɗin a baki, mace-mace suka faɗi warwas. Wannan laccar kanta ce, bari in wuce.

Na huɗu, a'a, na uku, gida. An nuna mini agogo, kun ga abin da ya yi mini yau. (dariya) A taƙaice, ƙofarsa ba ta rufuwa. Mu ɗalibai mun ci abincin Mama har kunya ta daina kama mu. Da yamma shi ke duba wa yaransa aikin makaranta, kuma farar rigarsa a mota yake barinta, ba ya shiga da asibiti cikin gida. Na'am? Akwai hannu a can. A ba ta abin magana, autarsa ce.

"Yaya Dokta, ka ce ba ya shiga da asibiti gida. To me ya sa muna yara mukan farka cikin dare mu gan shi tsaye a kanmu da agogo a hannu? Mun tambayi Mama ko ba mu da lafiya ne, ta ce mu koma barci."

Kai. Ban san kun taɓa ganinsa ba.

Lafiyarku ƙalau, ƙanwata. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini, wani dare da wani yaro ya rasu a hannunmu bayan mun yi duk abin da za mu iya. Shi da bakinsa ya sanar da iyayen, bai taɓa tura ƙaramin likita ya yi wannan aikin ba. Muna fitowa ya ce mini irin wannan daren ba ya iya kwanciya sai ya je ya ƙirga numfashin nasa 'ya'yan, ɗaya bayan ɗaya. To duk daren da kuka gan shi, daga irin wannan wurin ya fito. Kun ga ke nan na yi kuskure, Mama ma ba ta kai ga gyara mini ba. Ni ma, tunda an tone, ina yi wa nawa.

Agogon ma yana ina yanzu? Wurin wa? Jikarsa? Wadda ke karatun likitanci? To a gaya mata tsinken sakan ɗin nan yana ɗan maƙalewa wajen tara, ta kai a duba mata kafin ta fara shiga ɗakin yara. Na huɗun sai wani jiƙon, ga mai gabatarwa ya miƙe.