Idan takarda ta maƙale a waya

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro da ke Gwallameji a Bauchi, ga ɗalibai da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu, aka kuma rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, ina gaishe da iyayenmu da malamanmu da ke sahun gaba, da ƙannenmu ɗalibai da suka cika bayan zaure. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa su ƙaraso, akwai kujeru a ɓangaren hagu.

An nemi in yi bayani a kan matsalar da kusan kowa a nan ya taɓa gani. Mutum ya rubuta takarda a waya, a cikin Word ko Google Docs ko WPS Office, ko kuma ya ɗauki hoton takardar shaidarsa zai ɗora a Google Drive, sai ya ga wata alama tana ta juyawa a gefen sunan fayil ɗin, ya kwana ya tashi tana nan, ba ta hau ba kuma ba ta ce ta fasa ba. Abubuwa huɗu na tsara: yadda za a tsira da takardar, sai maganar data, sai wurin ajiya, sai saitin waya.

Kafin na farkon, ina so mu fahimci abin da maƙalewa take nufi. Waɗannan manhajoji wuri biyu suke aiki da shi. Akwai kwafin da ke cikin wayarka, akwai kuma kwafin da ke kwamfutocin kamfani a intanet. Duk harafin da ka buga, cikin waya yake fara zama, sannan manhaja ta tura shi can idan ta sami hanya. Kamar kaya ne da ka kai tashar Muda Lawal za a tafi da shi Jos, an rubuta sunanka a takarda, amma mota ba ta tashi ba. Ganin sunanka a takarda ba ya nuna kaya ya isa Jos, yana nan a tasha. Saboda haka fayil ɗin da ya maƙale, a mafi yawan lokuta, fayil ne da yake wuri ɗaya tak a duniya, wato cikin wayar da ke hannunka. Ina roƙon kowa ya riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya dogara.

To, me mutane suke yi idan sun ga alamar tana juyawa? Ransu ya ɓaci, su shiga saitin waya, su nemo manhajar, su danna maɓallin da aka rubuta Clear data. Wasu su cire manhajar gaba ɗaya su sake saukewa. Wasu su fita daga asusunsu su sake shiga. Wasu su kai wa mai gyara a Wunti su ce a yi wa wayar filashin. Kuma gaskiya ne, bayan haka alamar takan daina juyawa, mutum ya yi hamdala. Amma dalilin dainawarta shi ne abin da take ƙoƙarin turawa babu shi, an share shi. Sai ɗalibi ya buɗe kundinsa na kammala karatu ya tarar babi na huɗu ya koma yadda yake makon jiya, duk gyaran da malaminsa ya ba shi ya tafi. Na sha ganin wannan a lokacin da ake rububin miƙa kundi, na ga manyan samari suna share hawaye a shagon buga takardu, kuma abin yana taɓa ni ƙwarai, domin minti biyu na haƙuri da sun hana wannan asarar.

Don haka ka'idar farko: kada ka gyara komai sai ka fitar da kwafi. Na maimaita, kada ka gyara komai sai ka fitar da kwafi. Ga yadda ake yi. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama tukuna, domin kada layi ya dawo a tsakiyar aiki manhaja ta rikita sabon rubutunka da tsohon da ke intanet. Sannan ka buɗe takardar, ka duba ko gyaranka na ƙarshe yana ciki. Idan yana ciki, ka nemi wurin da manhajar take ba da damar adana kwafi a cikin waya, ka ba shi sabon suna, ka ajiye shi a jakar Downloads inda za ka iya ganinsa da idonka. Idan ta ƙi, ka zaɓi rubutun duka, ka kwafe shi, ka liƙa a manhajar rubuta bayanai ta wayar. Tsarin shafi zai iya lalacewa, jadawali zai iya wargajewa, amma kalmominka sun tsira, kuma gyaran shafi aikin awa ɗaya ne, sake tuno abin da ka rubuta cikin mako guda kuwa ba ya yiwuwa daidai. Idan ma kwafewar ta ƙi, ka ɗauki hoton allon shafi bayan shafi. Bayan nan ka kunna data ka tura wa kanka kwafin ta imel ko ta WhatsApp, wanda tun ƙarshen 2022 ya ba da damar mutum ya aika wa lambar kansa saƙo.

Na ga wani ƙanena can baya ya riga ya ciro waya yana dannawa. Madalla, haka nake so, amma ka tabbata takarda kake kwafewa ba sakamakon ƙwallon jiya kake dubawa ba. [Dariya]

A nan dole in rarrabe iri biyu, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Idan fayil ɗin dama yana cikin wayarka, misali PDF da aka turo maka ko hoton takardar haihuwa, kana ƙoƙarin ɗora shi ne kawai, to asalinsa yana nan inda yake, za ka iya soke ɗorawar ka sake ba tare da fargaba ba. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ka rubuta ko ka gyara a cikin manhajar kanta, domin wannan yana ɓoye a wani ɗaki na manhajar. Tun daga Android 11, wadda ta fito a 2020, an taƙaita shiga jakar da manhajoji ke ajiye kayansu, ko da manhajar duba fayil ta wayar ba za ka iya leƙawa cikin sauƙi ba. An yi haka don tsaro, kuma tsaron yana da kyau, amma ma'anarsa ita ce ƙofar fita ɗaya ce, ta cikin manhajar, kuma idan ka share manhajar ka rushe ɗakin da abin da ke ciki.

Mutane sukan tambaye ni game da ɗaya maɓallin da ke kusa da Clear data, wato Clear cache. Wannan ya fi sauƙi, tarkacen wucin gadi yake kwashewa, kuma yakan warware maƙalewa. Duk da haka ni ba na yarda a taɓa shi sai an fitar da kwafi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, maɓallan biyu suna maƙwabtaka, yatsa yakan zame, musamman ga mai fushi. Na biyu, ba kowace manhaja ce take ajiye aikin da ke jiran turawa a wuri ɗaya da sauran ba, kuma mai waya ba shi da hanyar ganin inda tasa ta ajiye. Fitar da kwafi yana raba ka da wannan caca.

Kuma akwai hanyar sanin gaskiya cikin sauƙi. Ka buɗe asusunka a wata na'ura dabam, kwamfutar shago ko wayar ɗan'uwanka, ka duba fayil ɗin, ka kalli lokacin da aka rubuta an yi masa gyara na ƙarshe. Abin da ka gani can shi ne ya isa. Wanda ba ka gani ba yana cikin wayarka kaɗai. Idan a shago ka buɗe, ka fita daga asusunka kafin ka tashi, ku kuma masu shago ku riƙa tuna wa mutane.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo, bari in yi sauri. Na uku… a'a, na biyu ne ko? Maganar data. Da yawanmu muna sayen datar da aka ware wa WhatsApp da Facebook kawai saboda ta fi araha, sai mutum ya ga saƙonni suna shigowa ya ɗauka intanet ɗinsa lafiya lau, alhali wannan data ba ta kaiwa ga Drive ko OneDrive, wato ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet. Ka buɗe wani shafi a burauza, idan bai buɗe ba ka gano matsalar. Sannan a cikin saitin Google Drive akwai zaɓin tura fayil ta Wi-Fi kawai. Idan yana kunne, wayar da ba ta taɓa ganin Wi-Fi ba, za ta yi ta jira har abada. A kashe shi.

Wurin ajiya shi ma kashi biyu ne, na waya da na asusu. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk daga ciki suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 hotunan da ake ɗorawa suka fara shiga lissafi, daga farkon 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga. Wanda yake cikin zaurukan dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, ana ta turo bidiyon biki, zai cika giga 15 bai sani ba, daga nan babu abin da zai ƙara hawa, har imel ma yakan daina shigowa. OneDrive kuwa giga 5 ne kyautarsa. Idan ka share abubuwa don samun wuri, ka kwashe kwandon shara, domin abin da ke cikinsa yana nan a lissafi.

Sauran zan haɗa su. Wayoyi da dama suna kashe manhajar da ba a kan allo take ba don tattalin batir, saboda haka idan babban fayil ne ka bar manhajar a buɗe, ka kashe tanadin batir da tanadin data har ya gama hawa. Ka duba kwanan wata da agogon waya, domin idan sun kauce, amintacciyar hanyar da ke tsakanin waya da kamfani ba ta ƙulluwa. Ka duba sunan fayil, OneDrive ba ya karɓar suna mai alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu ko sandar da muke raba kwanan wata da ita. Ka tilasta wa manhajar tsayawa ka sake buɗewa, ka kashe wayar ka kunna, ka sabunta manhajar. Idan kuwa a memori fayil ɗin yake, ka mayar da shi cikin waya, jabun memori sun yi yawa a kasuwa. Sai bayan duk wannan, da kwafi a hannu, ake zuwa ga share manhaja. Na biyar… to, na ce huɗu ne, bari mu saurari Hajiya, tun ɗazu hannunta yana sama.

Wata malamar makaranta: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni aikin gama ya gama. Sakamakon jarrabawar ajina na shigar a waya, ya maƙale, ɗana ya cire manhajar ya sake saka ta shekaranjiya. Yanzu rabin sunayen babu maki. Akwai abin yi?

Amin, Hajiya, Allah ya mayar da alheri, kuma kada a yi wa yaron faɗa, abin da ya ga kowa yana yi ya yi. Wace manhaja ce? Google Sheets. To, akwai wuraren da za mu duba. Da farko ki buɗe asusunki a kwamfuta, domin can ne ake ganin tarihin gyare-gyaren fayil sosai, kowane gyara da ranarsa da lokacinsa, kuma ana iya dawo da wanda ake so. Mai yiwuwa wani ɓangare na makin ya hau kafin maƙalewar. Sannan mu duba kwandon shara, Google Drive yana riƙe abin da aka share kwana 30 kafin ya goge shi, ke kuma shekaranjiya ce. Mu kuma bincika ko akwai fayil biyu masu suna iri ɗaya, ko kuma wayar tana da asusu biyu, naki da na yaron, domin sau da yawa aikin yana cikin ɗayan ana nemansa a ɗayan. Ki tuna kuma ko kin taɓa tura wa shugaban makaranta ko wata abokiyar aiki, ko kin kai an buga miki a shago, domin kwamfutar shago takan riƙe abin da aka sauke mata.

Amma ba zan ɓoye miki ba, Hajiya. Makin da kika shigar bayan layi ya yanke, wanda bai taɓa barin wayar ba, cire manhajar ya tafi da shi. Kada ki biya kowa kuɗi a kan zai dawo da shi da wata manhajar tono fayil, wayoyin yanzu a kulle suke ajiye bayanansu, irin wannan tono ba ya kaiwa gare su. Takardun amsar yaran suna hannunki? Alhamdu lillahi, to wanda ya ɓace za a sake shigarwa daga nan. Idan mun idar da sallar la'asar ki zo da wayar, akwai kwamfuta a ofishin da ke gefen zauren nan, mu buɗe tarihin fayil ɗin tare mu ga daga suna na nawa za ki ci gaba.